Yadda Jirgi Ya Bar Kakana a Daji

Litinin: Tudun Wada zuwa tasha

Ƙarfe biyar da kwata na asuba Baba Reluwe ya hau dukan ƙofar ɗakinmu da sandarsa kamar gobara ta kama gidan. Jirgin da za mu shiga kuwa sai sha ɗaya na rana zai iso Zariya daga Kano. Na leƙo daga cikin bargo na ce, "Tsoho, mu aka ba kwangilar share tashar ne?"

Ya ce, "Tashi, Rediyo. Wanda ya riga zuwa shi ke samun taga."

Ga wanda bai san shi ba, Baba Reluwe kakana ne, mahaifin Abbanmu. Shekarunsa saba'in da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a jirgin ƙasa ya yi su yana gadi. Ba gadin ƙofa ba. Gadin jirgi shi ne mutumin da ke taragon ƙarshe da usur da tutoci biyu, ja da kore. Sai ya leƙa ya ga kowa ya hau, ya busa, ya ɗaga kore, sannan direba zai motsa. Wannan karatu tun ina goye nake jin sa. Ni kuma Asiya ce, shekaruna sha shida, shi ya laƙaba min Rediyo, wai ba a san inda ake kashe ni ba.

Yaya Maryam ce ta haihu a Ilori, namiji, kuma sunan Baba za a sa masa ranar Alhamis. Umma ba za ta je ba, 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. Gwaggonnina sun bi mota tun Asabar. Baba ya ce shi ba mai naɗe shi a mota kamar tabarma alhali ga jirgi. Abba ya yi lallashi har ya gaji, ƙarshe aka ce a haɗa shi da mai ido, tunda gwiwarsa ta dama ba ta da ƙwari, kunnensa na hagu kuma tare suka yi ritaya.

A zaure Umma ta riƙo hijabina. "Asiya, ba yawon buɗe ido na aike ki ba. Tsohon nan amana ne a hannunki. Inda ya sa ƙafa, ki sa ido."

Na ce, "Umma, ko tari ya yi sai na rubuta."

Mai keke-napep ya karɓi ɗari uku, ya loda mu da jaka biyu, buta, kular abinci da ƙullin kayan barka. Muka haye gadar Kubanni, muka shiga Sabon Gari, shida saura kwata muna tasha. Mu ne na farko, in ba a ƙirga awaki ba. Tagar tikiti sai tara ta buɗe. Muka yanki na talakawa, wanda suke ce wa aji na biyu, dubu biyu da ɗari biyu kowa. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, aka yi azahar. Na cinye rabin dambun da Umma ta ce ya kai mu Ilori. Duk sanda na kalli Baba sai ya ce, "Ƙila kaya suka tsaya ɗauka." Uku saura minti ashirin jirgi ya shigo yana nishi kamar shi ma kakan wani ne.

Zariya zuwa Kaduna, kilomita tamanin da 'yan kai

Matakalar taragonmu babu tsanin ƙasa, ya karye ya bar wurin. Sai da wani bawan Allah ya jawo Baba ta sama, ni ina turawa ta ƙasa kamar muna loda buhun masara. Taga kuwa da aka tashe ni da asuba dominta, mutanen Kano sun riga mu da awa huɗu. Jama'ar da ke cikin taragon nan sun isa a ba su ƙaramar hukuma. Fanka huɗu ne a rufi, ɗaya ke juyawa, ita ma a hankali kamar tana jin kunyar surukai.

Wata dattijuwa ce ta matsa mana, ta ba Baba gefen taga. Sunanta Mama Rifkatu, tsohuwar nas ce daga Wusasa, za ta Offa wurin ɗanta. Kafin mu bar Zariya ta san ciwon gwiwar Baba, ta san maganin da yake sha, ta kuma gaya min hijabina ya yi kauri da wannan zafi.

Baba bai zauna ba sai da ya yi sintirin duba aiki, wanda ba wanda ya sa shi. Ya nuna min wani rami sama da ƙofa. "Nan sarƙar birki take. In wani abu ya faru, fasinja ya ja." Na ce, "Ina sarƙar?" Ramin ne kawai, an cusa tsumma a ciki. Ya ce, "Ba komai. Babban birkin yana wurin gadi, tarago biyu bayanmu. Jan ƙarfe ne a bango, dama da ƙofa. Aka danna shi ƙasa, ko wane ne direba sai ya tsaya."

Mun tashi uku da minti goma, mun shiga Kaduna bakwai saura. Awa uku da rabi a tafiyar da mota ke yi a awa ɗaya. Akwai inda wani mai keke ya jera da mu, ya gaishe mu, ya wuce.

Bari in yi maganar banɗaki sau ɗaya in huta. Guda biyu ne. Na farko babu ruwa, babu sakata, kafin Kaduna ya cika ya fara biyo ƙasan tarago, aka ɗaure ƙofarsa da waya. Na biyu buhunan albasa ne a ciki har rufi, kuma albasa ba ta shiga banɗaki da ƙafarta. Da Mama Rifkatu ta tambayi mai duba tikiti, wani siriri mai biro uku a aljihu, cewa ya yi, "Madam, ni tikiti nake dubawa."

Ta ce, "To duba nawa da kyau. An rubuta a ciki in riƙe fitsari har Offa?"

A Kaduna muka sayi shinkafa da wake, ɗari biyu, da ruwan leda. Da duhu ya yi muka gane babu ƙwan lantarki ko ɗaya mai kamawa. Ƙofofin tarago a buɗe suke hagu da dama, ba sa rufuwa, samari sun zauna a baki sun zuro ƙafafu waje. Haka muka kwana da fitilar waya, Mama Rifkatu ta ɗaura ƙafar jaririyar wata mata a zaninta don kada ta rarrafa bakin ƙofa.

Talata: Minna da Zungeru

Shida saura minti goma muka shiga Minna. Muka sauka, Baba ya kama ruwa a tasha, ya yi salla, na saya masa koko da ƙosai. Minti hamsin muka yi. Da za a tashi, kan jirgi ya yi ƙara sau ɗaya, muka motsa. Baba ya juyo da kunnensa mai kyau.

"Rediyo, ban ji usur ba."

A nan na yi abin da har yau nake da-na-sani. Ban ji usur ba ni ma, tun daga Zariya ban ji ba. Amma tsokana ta fi ƙarfina. Na ce, "An busa mana, har sau biyu. Kunnenka ne ya tafi hutu."

Ya yi dariya ya ce, "Ja'ira. Na san dai ba za a fasa ba."

Zungeru tara da minti ashirin, kilomita wajen sittin daga Minna. Mata suka yanyame tagogi da soyayyen kifi, uku ɗari biyu. Ruwan leda da muke saya naira goma a Tudun Wada ya koma talatin, kuma da ɗuminsa, ana iya dama kunu da shi. Daga nan muka shiga daji sosai, babu gida, babu gona, babu sabis a waya.

Inda ba shi da suna

Sha biyu da minti talatin da biyar jirgi ya yi tari sau biyu ya mutu. Ba tasha ba ce. Kaɗanya ce da ciyawa da suri, iyakar gani. Ba wanda ya zo ya ce mana ga abin da ya faru. Fankar nan ɗaya ita ma ta ajiye aiki. Cikin rabin awa taragon ya zama tanda, yara suna ta tsala kuka, wani mai tumatir yana ta leƙa kwandunansa yana salati. Mutane suka fara dirga ƙasa suna neman inuwa.

Mai biro uku ya zo wucewa, Baba ya tare shi. "Ɗan nan, minti nawa za mu yi a nan?"

"Baba, sai yadda Allah ya yi."

"Na sani. Amma me direba ya ce?"

Ko juyowa bai yi ba.

Wajen biyu saura kwata maza suka yi sahu a gefen layi suka yi azahar. Baba bai bi su ba, domin tun Minna yake riƙe da fitsari, ga shi yana shan maganin hawan jini mai sa yawan zagayawa. Na ga yana ta gyara zama, gumi na bin gemunsa. Can ya ɗauki buta ya ce in taimaka masa ya sauka. Ni da wani saurayi muka sauke shi. Na kama hanya zan bi shi, ya tsaya.

"Ina za ki?"

"Umma ta ce inda ka sa ƙafa in sa ido."

"Har bayan suri? Ke ba ki da kunya? Koma ki tsare kayan mutane." Ya nuna can ƙarshen jirgi da sandarsa. "Jirgi ba ya tashi a daji sai gadi ya busa sau uku, ya bi gefe da ido ya ga ba kowa a ƙasa. Doka ce, ni na koya wa wasu. Ke dai in kin ji usur, ki ƙwala min kira, tunda kin ce ana busawa."

Na buɗe baki zan ce wasa nake yi, sai na ji kunyar saurayin nan da ke tsaye. Na koma na zauna a taga.

Ina kallon sa ya taka a hankali, ya wuce inda kowa ya tsaya saboda mata, ya ɓace bayan wani ƙaton suri, taku ɗari ko fi. Ya fito, ya yi alwala, ya shimfiɗa ɗan mayafinsa a gindin kaɗanya, ya fuskanci alƙibla ya kabbara.

Biyu da minti sha biyu aka fizge mu. Babu usur. Babu ƙarar kan jirgi. Babu ko "ku hau". Jirgi kawai ya kama tafiya, mutane sama da hamsin suna ƙasa. Wurin ya kaure da ihu. Maza suka yi ta gudu suna kama ƙarfe, takalma suna zubewa. Wata mata ta miƙo ɗanta ta tagarmu, Mama Rifkatu ta cafe, aka jawo uwar ta ƙofa gwiwoyinta na jan duwatsu. Ni kuwa rabin jikina a waje ina kiran "Baba! Baba!" har muryata ta tsage. Yana ruku'u, kuma kunnen hagu ne ke wajenmu.

Da ya ɗago ya waiwaya, bai yi gudu ba. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu biyu sama da kansa. Na san wannan alama, ya sha nuna mana a tsakar gida: ita ce "tsaya" a aikinsu. Tsohon nan ya tsaya cikin daji hannuwansa a sama yana jiran wani ya karanta. Babu mai kallo sai ni.

Tarago biyu

Ban san sanda na bar kujera ba. Na taka buhu, na taka kwano, na taka wani Alhaji da ke kwance a hanya, har yau ina neman gafararsa. Tsakanin tarago da tarago wani faranti ne na ƙarfe mai rawa, ana hango duwatsu na gudu a ƙasa. Jiya na rantse ba zan taɓa haye shi ba. Ban ma gan shi ba. Bayana ina jin Mama Rifkatu tana faɗin, "Ku ba ta hanya! An bar tsoho a ƙasa!"

A bakin taragon ƙarshe mai biro uku ya tare ƙofa da hannu.

"Ke, ina za ki? Nan ba na fasinja ba ne. Ina tikitinki?"

Jama'a, tikiti. Kakana yana daji, mutumin nan tikiti yake tambaya. Na sunkuya ta ƙarƙashin hammatarsa na wuce, kuma wannan ma jarrabawa ce ta daban.

Gadin saurayi ne, bai fi sa'an mijin Yaya Maryam ba. Yana tsaye ya ɗaga waya sama yana neman sabis. Na ce, "Malam, ka tsayar da jirgi, kakana yana ƙasa!"

"Na gani, na gani. Direba nake nema, ba ta shiga."

"Ka ja birki!"

"Ƙanwata, ba haka ake yi ba. In na taɓa wannan sai na rubuta rahoto, a ba ni takardar tuhuma. Ki bari mu kai tasha ta gaba, sai a san yadda za a yi."

"Tasha ta gaba ina ce?"

"Ba ta fi kilomita ashirin ba."

Mama Rifkatu ta iso tana haki. "Ashirin? Tsoho mai hawan jini, babu ruwa, cikin wannan rana, a dajin da ku kanku ba ku yarda ku kwana ba? Kai ba ka da uba ne?"

Ƙofar baya a buɗe take. Na leƙa, layi ya miƙe, can ƙarshensa wani ɗan farin abu kamar ƙwayar shinkafa. Na waiwaya dama da ƙofa. Ga shi nan, jan ƙarfe, an rataya masa tawul da ledar burodi. Na kama da hannu biyu na rataya da duk nauyina.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Iska ta yi tsaki kamar an yanka tayar tirela, ƙafafun jirgi suka yi kururuwa, ni da gadi da Mama muka zube wuri guda. Daga gaba ina jin kwanuka na gangarawa, mutane na salati. Jirgi ya ja, ya ja, ya tsaya.

Ɗan sandan da ke rakiyar jirgin ya iso da bindigarsa yana tambayar wa ya taɓa birki. Mai biro uku ya nuna ni da biro ɗaya. Ɗan sanda ya ce laifi ne babba, zan yi bayani a Jebba. Na ce, "Yallaɓai, ka kai ni har Legas ma, amma a ɗauko kakana tukuna." Mai biro ya ce ƙila an busa, tsoho ne bai ji ba. Ai kuwa kamar ya zuba fetur a wuta. Matar da aka ja a duwatsu ta nuna gwiwoyinta ta ce, "Ni ma kurma ce?" Tarago guda ya taso masa, ɗan sanda ya ga ba dama ya koma rabon faɗa.

Maza shida suka bi layi da gudu, ni aka riƙe ni. Minti arba'in da biyar ina tsaye a ƙofar baya. Sai ga su, saurayin da ya taya ni sauke Baba ya goyo shi a baya. Ashe da ya ga ba a tsaya ba ya sauke hannu ya bi jirgi da gudu, mai shekara saba'in da takwas, a kan duwatsun layi. Bai yi taku ashirin ba ya faɗi. Gwiwa ta fashe, jini har cikin takalmi, wuyan hannunsa na dama ya kumbura kamar ƙullin alala. Mama Rifkatu ta wanke da ruwan leda huɗu, ta yaga ɗankwalinta ta ɗaure, ta karya sandar tutar gadi ta yi wa hannun karan ɗori. Ba ta nemi izinin kowa ba.

Baba bai yi ko "wash" ba. Gadin kawai yake kallo.

"Ɗan nan, ina usur ɗinka?"

"Ba a ba ni ba, Baba."

"Ka leƙa kafin a tashi?"

"Baba, ba ni na tayar ba. Ni ma ji na yi muna tafiya. Direba ne ya ga inji ya kama, ya ce in ya jira zai sake mutuwa."

"To kai mene ne aikinka a nan?"

Saurayin ya sunkuyar da kai.

Direba kuma bai yi ƙarya ba, inji ya sake mutuwa. Awa biyu da minti goma muka ƙara a wurin. Mai tumatir ya zo har kujerarmu ya ce saboda rawar kan yarinya ɗaya kayansa za su ruɓe. Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, amma tumatir ana shuka wani." Mama ta ce in yi shiru, tana dariya ƙasa-ƙasa. Wannan karon da za a tashi, fasinjoji ne suka bi gefen jirgi da kansu suna ihu "A hau! A hau!", gadi yana daga ƙofa yana kaɗa koren ƙyalle babu sanda.

Da muka zauna na matsa kusa da kunnensa mai kyau na ce, "Baba, a Minna ba a busa ba. Ƙarya na yi maka." Ya ce, "Ba ke ce gadi ba, Asiya." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Jebba zuwa Ilori

Mun haye gadar Jebba ana kiran magariba. Tun ina ƙarama yake min alkawarin zai nuna min kogin Kwara daga kan gadar nan. Na ce, "Baba, ga ruwan." Idonsa a rufe, ya ce, "Kalla." Ɗan sanda bai sake bi ta kaina ba. Babu kuma wanda ya zo daga masu jirgi ya ce sannu, ko ya tambayi sunan wanda ya ji ciwo. Akwatin magani da Mama ta nema, an ce yana wurin wani, wanin kuma ya sauka a Minna.

Mun isa Ilori bayan isha'i, awa talatin da ɗoriya daga Zariya, kilomita kusan ɗari shida. Mijin Yaya Maryam na jira, daga tasha sai asibiti. Ɗinki bakwai a gwiwa, tsagewar ƙashi a wuyan hannu. Mama Rifkatu ta wuce Offa da kai babu ɗankwali, ta ƙi karɓar ko atamfa ɗaya daga kayan barka. Baba ya tara gwaggonnina ya ce kada wanda ya buga waya Zariya.

Ranar Alhamis aka yi suna. Da aka kawo masa takwaransa bai iya ɗauka ba, sai a cinya aka ɗora masa shi, ni ina tallafe da kan. Ya yi addu'a mai tsawo. Baƙi suna tambaya me ya same shi, yana cewa tsautsayi ne na tafiya.

Asabar: komawa gida

Ƙarfe shida na safe muka bar Ilori a mota, an saya wa Baba kujerar gaba shi kaɗai don ya miƙe ƙafa. Ba wanda ya tambaye shi ra'ayinsa, shi ma bai bayar ba. Jebba, Mokwa, Bida inda muka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, Minna, Suleja, Kaduna. Shingayen jami'an tsaro na ƙirga sha bakwai na gaji. Ramukan hanya kuwa akwai wanda in mota ta shiga sai ta kunna fitila. Direba ya tambayi Baba me ya sami hannunsa, Baba ya ce masa ya kalli gabansa.

Takwas da rabi na dare keke-napep ya sauke mu a ƙofar gida a Tudun Wada. Abba ya fito, Umma na bayansa. Fitilar zaure ta haska farin bandeji, Umma ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Asiya!"

Kafin in yi magana Baba ya riga ni. "Ku bar yarinya. Santsi ne ya kwashe ni a banɗakin gidan Maryam."

Na kalle shi. Mutanen nan sun bar shi a daji kamar tsohon takalmi, ga ɗinki bakwai a jikinsa, kuma yana tsaye da ƙafa ɗaya yana rufa musu asiri. Ya ɗan girgiza min kai. Na yi kamar ban gani ba, na fara tun daga banɗakin albasa, na bi ta ƙaryata ta Minna ban tsallake ba, har jan ƙarfe. Umma ta zauna a dakalin zaure. Abba ya juya ya ce, "Baba, haka aka yi?"

Baba ya jingina da bango, ya kalli sandarsa. A hankali ya ce, "Sun tashi ba su busa ba, Sani. Ko leƙawa ba su yi ba."

Abba ya sa kafaɗa ya shigar da shi ciki.

Likita ya ce sai ya yi wata shida kafin hannun ya riƙe buta, gwiwar kuma ba a yi alkawari ba. Yanzu a zaune yake salla, ni ke zuba masa ruwan alwala. Na gode wa Allah da ya dawo da mu da ransa. Na gode wa Mama Rifkatu ta Wusasa, da maza shida da ban san sunan ko ɗaya ba, musamman wanda ya goyo shi kilomita biyu cikin rana. Alhajin da na taka, ka yafe ni. Masu jirgi kuwa, in wannan ya isa gare ku, ban gode ba.